Facin Hitar Gwaggo

Daga shagon faci, bakin titi
Ranar Litinin

Assalamu alaikum Na-Jirgi, taubashina kuma yarona.

Bayan gaisuwa mai yawa wadda jirginku bazai iya ɗauka ba, ya aiki, ya zafin ɗakin inji, ya maƙotanka kifaye? Ni Sarkin Faci ina nan ƙalau, ƙiba ma nakeyi. Gwaggo, wato uwarka da ka barmin amana ka tafi auren teku, tana lafiya tana gaisheka. Gwiwoyin ne dai kamar kullum, sai an gasasu da ruwan zafi safe da yamma kafin su yarda su ɗauketa. Likita yace kar a fasa gashin nan ko na rana ɗaya.

To akan ruwan zafin ne ma na ɗauki biro. Kasan ni da rubutu sai dole, amma tunda ku a tsakiyar ruwa waya bata shiga, sai jirgin kawo muku abinci yaje sati uku uku, to ka daure ka karanta kaga aikin manya.

Hitar banɗaki, wadda marigayi babanka ya kafa a bango da hannunsa shekara goma sha shida da suka wuce, ta fara tsufa. Da farko ruwanta ya koma ja kamar shayin da ba madara. Sannan in an kunnata sai ta dinga ƙugi ƙululu ƙululu kamar cikin wanda ya ƙoshi da wake. Yau ruwan ya fito da sanyi, gobe ya fito zai iya fige kaza. Sai kuma ɗan ƙaramin bututun nan na gefenta ya fara ɗiga, ɗis ɗis ɗis, har bokiti yake cikawa a yini.

Na kira Mai Famfo na ƙarshen layi, mai tabaran nan da kullum fuskarsa kamar an aiko masa da sammaci. Ya ƙwanƙwasa cikinta da sifana, ya shafa gindinta ya nunamin tsatsa a yatsa, yace wai ta gama aiki, kar a ƙara kunnata, a sauketa a sayo sabuwa. Na kalli Gwaggo naga ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafi. Kasan har yanzu rubutun Baba yana jikin hitar da jan fenti, kwanan watan da ya kafata. Raina ya ɓaci. Nace malam tattara sifanunka, a gidan nan akwai injiniya. Yace injiniyan me? Nace injiniyan duk abinda yake yoyo. Shekara ashirin da biyu ina faci, tayar tirela ma ta durƙusa min balle tulun wanka.

Yana fita na yanko tsohon tiyub, na shafa sholisho, na toshe bakin ɗan bututun, na naɗe da roba na ɗaure tamau. Wallahi Na-Jirgi ko ɗigo ɗaya! Banɗaki ya bushe ƙayau. Kuma tun daga ranar ruwa yake fitowa kamar daga maƙera, har bangon ɗakin Gwaggo wanda hitar take bayansa ya ɗau ɗumi. Da naga haka sai basira ta sake zuwa, naja gadonta na manna da bangon dan gwiwa ta dinga shan ɗumi tana kwance. Kai ka taɓa ganin kai irin nawa?

Ka gayawa Kyaftin ɗinku in jirgi ya huje ya aiko a ɗaukeni. Kuma ina tuna maka na girmeka da wata huɗu cif, amma har yau bakinka bai taɓa cemin Yaya ba. Ina nan ina jira.

Ubangidanka,
Sarkin Faci


Daga cikin jirgi
Ranar da jirgin abinci ya zo

Wa alaikumus salam, Sarkin Shirme.

Ina lafiya. A gaida Inna, Allah ya ƙara mata sauƙin gwiwa. Gaisuwar ke nan.

Kai wane irin mahaukaci ne? Wa ya aike ka? Na san kanka da motsi tun muna yara, tun ranar da ka liƙe wa butar shayin Inna baki da ƙaro wai don kada ƙuda ya shiga, amma ban san abin ya girma tare da kai ba. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, kai kuma naka ƙuƙumin a wuyan uwata ka rataya shi. Injiniya! Wanda ya ba ka takardar injiniyan Allah ya shirye shi.

Nan da awa biyu jirgin abinci zai juya da wannan takarda, don haka ka nutsu. Shekara tara ina gadin tukunyar tururi a jirgin nan, na san abin da nake faɗa. Ɗan bututun da ka toshe ba yoyo yake yi ba, hancin hitar ne, ta nan take numfashi. In ruwa ya yi zafi kumbura yake yi ya nemi hanya, sai hancin ya buɗe ya rage. A cikinta kuma akwai abin da ke yanke wuta in zafi ya isa. Tunda ka ce wata rana ruwan zai fige kaza, to wannan ya lalace, shi ya sa hancin yake ta zuba. Masu gadi biyu gare ta, ɗaya ya mutu, ɗayan kai ka shaƙe shi. Sannan ka kai kan Inna ka ajiye a bayan bangon.

Ka kashe makunninta yanzu. Kada ka taɓa facin sai ta huce gaba ɗaya, in ba haka ba tururi zai saɓule maka fuska. Ka mayar da gadon inda yake. Ka je ka ba Mai Famfo haƙuri, don gaskiya ya faɗa. Jan ruwa tsatsa ce ke cin tankin daga ciki. Ƙugi kuwa dattin ruwa ne ya daskare a gindinta kamar tsakuwa. Hita in ta haura shekara goma sha biyu ana sa mata ido, taku ta yi sha shida. Da abin yanke wutar ne kawai ya lalace da an canza shi, amma tankin da tsatsa ta fito ta gindinsa ba a yi masa magani.

Na roƙi Kyaftin ya yi wa ofishinmu na tudu magana ta rediyo su kira ka, sun ce wayarka ba ta shiga. Ka ba ni amsa a jirgi mai zuwa.

Na-Jirgi


Daga shagon faci
Ranar Alhamis

Salamu alaikum yarona Na-Jirgi.

Ya ruwa, ya gishiri? Mu nan lafiya lau. Gwaggo tana gaisheka, gwiwa da sauƙi, sai dai kwana biyun nan na lura bata barcin rana, kullum idonta biyu tana riƙe da sandarta. Nace tsufa ne.

Takardarka tazo. Na karanta har inda kace Allah ya shiryi wanda ya bani takardar injiniya, nayi dariya har na ƙware. Kai dai baka canzawa, zagi tun daga sallama. Na gane hassada ce take cinka dan kana can kana gadin tukunya ni ina nan ina ƙera tarihi. Sauran rubutun ƙanana ne kamar tururuwa, kasan idona da kaina basa son doguwar magana, kuma nasan duk zagin ne. Na ninke takardar na tura ƙarƙashin ƙafar injin iska dan yana rawa, kuma ta zauna daidai. Kaga karatunka yayi amfani.

Wayata kuwa ta faɗa bahon da nake gwada tiyub, bahon ma ya tsage ranar da na taka shi garin cirota. Kar ka damu da kira.

Labarin hita sai godiya. Facin farko dai ya gaji, ran nan yayi tsalle fau ya daki silin. Nace au, wasa kike dani? Na samo noti na ɗaura mata na matse da sifana har saida na tokare bango da ƙafa. Yanzu ko iska bata fita. Ta ƙara ƙarfi har cikinta ya ɗan turo kamar ta samu juna biyu, kuma in ta fara waƙa, ni da nake ji da kunne ɗaya tun fashewar tayar tirelar nan, daga ƙofar gida nake jinta. Abin mamaki ma, ta koyi kashe kanta. Kullum in kunna da safe in fita, in na dawo in tarar makunnin ya koma da kansa. Irin wannan ko a kanti babu. Mai Famfo in mun haɗu a layi sai in ɗaga masa sifana, shi kuma ya kawar da kai.

Maganar Yaya tana nan.

Sarkin Faci da kansa


Daga cikin jirgi

Yaya,

Na rubuta da manyan baƙaƙe, kuma gajeriya ce. Don Allah ka karanta har ƙarshe. Ba wasa a cikinta.

Ka tuna tayar tirelar da ta tafi da jin kunnenka na hagu. Kai ka gaya mini injin iska ya ƙi tsayawa, iska tana shiga ba ta da hanyar fita. Hitar nan ita ce wannan taya. Wuta tana ta hura ta, kai kuma ka ɗaure mata hanyar fita da noti. Bambancin kawai, ita tafasasshen ruwa ne a cikinta, kuma kan Inna yana jingine da ita.

Ka ajiye abin da ke hannunka. Ka kashe wutar gidan gaba ɗaya. Ka fitar da Inna. Kada ka taɓa notin. Ka kira Mai Famfo.

Sati uku ke nan abinci ba ya wuce mini wuya. Ba ni da wata uwar, ba ni da wani yayan.

Ƙanenka


Daga ɗakin Gwaggo
Ranar Asabar

Assalamu alaikum ƙanena.

Kafin komai, Gwaggo tana lafiya. Lafiya ƙalau, ko ƙwarzane babu. Gata nan gabana tana shan shayi tana hararata. Ni ma ina lafiya in banda ƙafa da na gurɗe da kunya da ta kusa kasheni. Ka sauke numfashi kaci abinci, sannan ka karanta sauran.

Ranar Laraba ce, ranar zuwanta asubiti ganin likitan gwiwa. Da safe na sakata a tasi ita da matar Mai Famfo da take rakata, sannan na koma ciki na kunna hita dan in ta dawo da azahar ta tarar da ruwa da ɗumin bango. Na kulle gida na tafi shago.

Wajen sha ɗaya da rabi ina ƙarƙashin motar wani mai ƙaton tumbi, direban ofishinku ya miƙomin takarda. Na buɗe ina shirin dariya sai naga Yaya. Nan take dariyar ta koma ciki. Shekara arba'in ina roƙon kalmar nan baka bani ba, nasan ba banza ba. Na nemi zagi sama da ƙasa babu. Da nazo kan tayar tirela sai kunnena na hagu ya fara ƙara kamar ranar. Ƙanena, da tun farko da yaren taya kayi min magana ai da na gane. Na bar motar mutumin a kan jak da ƙafa uku, yana ihu malam ina zaka, ni kuwa takalmi ɗaya na tafi dashi. Kowa yasan bana gudu sai ta kama, amma ranar na wuce mai keke biyu.

Tun daga bakin layi nake jinta. Ba waƙa takeyi ba wannan karon, gurnani ne. Na buɗe gida, banɗaki kamar an hura gawayi, fentin bangon ɗakin Gwaggo ya kumbura yayi ƙuraje daidai inda take ɗora filo. Na ja babban makunnin gidan na kashe. Hannuna har ya kai aljihu zai zaro sifana sai na tuna kace kar in taɓa, na fito da baya na faɗi akan dakali, nan ƙafar ta gurɗe. A haka na ɗingisa har shagon Mai Famfo. Ban san sanda nace masa ranka ya daɗe ba.

Mutumin nan ɗan halak ne. Ya leƙa ta taga ya hango notina, ya cire tabarau ya goge ya mayar ya sake kallo. Yace wa yayi wannan? Nace wani ne. Yace kowa ya fita titi, ba mai shiga sai ta huce. Muna tsaye a titi cirko cirko sai ga tasi ta sauke Gwaggo.

Tace "Kai ɗan nan, me ya fito daku rana kamar an yi gobara?"

Na durƙusa a gabanta na faɗa mata komai, har da cewa yau ce rana ta farko da hitar ta ƙi kashe kanta.

Ta dubeni ta dubi Mai Famfo tace "Kashe kanta? Kai wa kake zato yake kasheta, aljani? Shekara hamsin ina gaban murhu, ban taɓa ganin tukunyar da aka danne wa murfi ta zauna lafiya ba. Kai ka kunna ka fita, ni kuma in ta fara kukan nan in miƙa sanda in kashe. Yau ma da na san zaka koma ka kunna a bayana da ban shiga motar ba."

Nace to Gwaggo gadon fa, kika bari na kaiki bakin mutuwa? Tace "Ai da ka ja shi can daɗi naji, daga nan nafi jin kukanta, kuma tunda makunnin a bangon nan yake, sandata tana kaiwa ba sai na tashi ba. Sati bakwai rabona da barcin rana."

Nace me ya hana ki gayamin? Tace "Kazo kana washe baki kamar ka ƙera jirgin sama, in ce maka me? Kuma in na faɗa ai saukar da ita zakuyi."

Ƙanena ni ba mai kuka bane, kowa ya sani, ƙura ce ta shigar min ido.

Washegari Mai Famfo ya sauketa. Ya zazzage tsakuwa rabin bokiti daga cikinta. Ya ɗora sukundireba a gindinta ya ɗan danna kaɗan sai gashi ta shige kamar a gwanda. Yace da Gwaggo ta jima a layin likita, ko da gyangyaɗi ya ɗauketa rana ɗaya cikin satin nan bakwai, da yanzu wani zance akeyi. Na zaro takardarka ta farko daga ƙarƙashin injin iska na karanta duka, ashe duk ka faɗa.

Yanzu ni ne hitar gidan. Safe da yamma ina dafa ruwa a tukunya ina kai mata bokiti, kuma tace nafi tsohuwar ƙugi. Gado ya koma inda yake.

Saura sabuwa. Munje kanti da Mai Famfo. Naga wata mai lita ɗari, ƙatuwa kamar maraƙi, tana sheƙi, nace ita ce daidai da gidan da Sarkin Faci yake kwana. Shi kuma ya nace akan wata mai lita hamsin. Akwai wata kamar rediyo bata da tanki, wai ruwa yana wucewa tana dafa shi. Akwai mai gas, akwai ta hasken rana da ake ɗorawa a rufi. Na rantse bazan ƙara yanke hukunci ni kaɗai akan abinda ba taya ba, dan haka kai zaka raba gardama. Amma ka duba maraƙin nan da idon rahama.

Yayanka, da shaida a rubuce,
Sarkin Faci


Daga cikin jirgi
Ranar da jirgin abinci ya zo

Wa alaikumus salam, Sarkin Shirme.

Alhamdu lillahi. Layin farko na takardarka sau nawa na karanta shi ban sani ba. Na zauna a kan matakalar ɗakin inji har mai dafa mana abinci ya zo ya tambaya ko rasuwa aka yi. Na ce a'a, zubo mini kwano biyu. Ka gaida Inna, ka ce mata Kyaftin ya ce in tana son aiki akwai gurbi, don ba mu da mai kunne irin nata. Ya ƙafa? Allah ya sa ta koya maka tafiya a hankali.

Maraƙi dai a'a. Ba girman mai gida ake aunawa ba, kawunan masu wanka ake ƙirgawa. Ku biyu ne, sai gashin gwiwa safe da yamma, lita hamsin ta ishe ku har da baƙo. Mai ɗari in ta cika ruwa ta fi ka nauyi, bangon gidan nan kuwa ya tsufa, kuma kullum za ta dinga shan wuta tana dafa ruwan da ba mai amfani da shi.

Mai kama da rediyo tana da kyau a gidan da famfo ke da ƙarfi kuma wayoyin wuta masu kauri ne. Namu famfon da rana kamar hawaye yake zuba, wayoyin kuma tun na zamanin Baba ne. Mai gas tana son iska, banɗakinmu kuwa tagarsa ko kyanwa sai ta rage ciki kafin ta wuce, kada ma ka fara. Ta hasken rana ina sonta, amma ranar da gari ya yi lumshi da sanyi, ranar da gwiwa ta fi neman ruwa, ranar ce take yin sanyin jiki. A bar ta sai na dawo mun duba rufin.

In kun je, a ɗauki mai kaurin jiki wadda ke riƙe zafi, mai abin murɗawa na rage zafi, a tsayar da shi a tsakiya don fatar Inna. A karɓo takardar garanti, kada kuma ta shiga ƙarƙashin injin iska. A kafa ta a bangon waje, ba na ɗakin Inna ba. Mai gyaran wuta ya duba wayoyin, ba kai ba. Hancinta a ja masa siririn tiyo zuwa magudana. Duk shekara Mai Famfo ya zo ya zubar da dattin ciki ya gwada hancin.

Abu ɗaya kuma. Kada a jefar da tsohuwar sai an tambayi Inna. Ka san ba ruwan zafi kaɗai take gani a jikinta ba. Ni na manta da wannan, kai ne ka lura, wannan kam na ba ka.

Maganar Yaya kuwa, a firgice na rubuta. Na janye.

Na-Jirgi


Daga shagon faci
Ranar Talata

Salamu alaikum Na-Jirgi mai janye magana.

Ya ruwa, ya kwano biyu? Muna lafiya. Ƙafa ta warke har ina taka rawa. Gwaggo tana gaisheka, kuma albishirinka, barcin rana ya dawo. Jiya na shigo da la'asar na tarar tana minshari sanda tana can jingine a lungu. Na daɗe a tsaye ina saurare, ban taɓa jin minshari mai daɗin wannan ba.

An kafa sabuwa. Mai lita hamsin, wadda dama ita nace tun farko in ka tuna. Da Gwaggo mukaje kantin, ta ƙwanƙwasa kowacce da sanda kamar mai zaɓen kankana. Da tazo kan maraƙina tace "Wannan ai sai gidan wanka," ta wuce. Mai kanti ya fara zuba mata bayani tace "Ɗana, nuna min hancinta kawai." Ya nuna, tace a naɗe.

Mai Famfo ya kafata a bangon waje, mai gyaran wuta ya canza waya, ni kuma na riƙe tsani, wanda kowa yasan shine aikin da yafi haɗari. Ruwa fari tas, ba ƙugi, zafi daidai gwiwa. Da aka gama Gwaggo ta shiga ɗaki ta fito da ɗan gwangwanin jan fenti ta miƙomin tace rubuta kwanan wata a jikinta yadda mai gidan yayi. Nace Gwaggo ni? Bayan abinda nayi? Tace "To wa zan ba, wanda yake cikin ruwa?" Na rubuta. Ƙurar nan ta sake shigar min ido.

Amma kaji jarabawa. Ranar farko tana ɗaukar zafi sai naga hancin yayi ɗis a cikin tiyo. Ɗigo ɗaya. Wallahi hannuna da kansa ya tafi aljihu. Ban ankara ba naji sanda ƙwas a bayan hannu. Tace "Barta tayi numfashi." Shekara ashirin da biyu, wannan ne yoyo na farko da na kalla na ƙyale. Yanzu kullum da safe sai na leƙa na gaisheta.

Tsohuwar kuwa na tambayi Gwaggo kamar yadda kace. Tace bata so ta tafi bola, mai gidan baya son abu ya zauna ba aiki. Sai basira tazo, kuma wannan karon saida na tambayi mutum uku kafin na taɓa. Mai walda ya tsagata biyu a tsaye, rabin da yake da rubutun Baba ya zama sabon bahon gwada tiyub a shagona, rubutun yana kallon titi. Gwaggo tazo da kanta ta gani, ta shafa fentin tace to madalla, ya koma aiki. Ramin da sukundireba ta huda kuwa, Mai Famfo yace wannan kam fannin ka ne. Na yanko tiyub na shafa sholisho. Ko ɗigo ɗaya!

Mai ƙaton tumbin nan ma ya dawo, na bashi labari har ya yafe, yanzu duk wanda ya tsaya faci sai yaji yadda na ceci gida guda da takalmi ɗaya.

Zancen ka janye kuma, ka makara. Takardar tana bangon shago saman bahon, Yaya da manyan baƙaƙe, na manneta da sholisho hannu biyu. Kai shaida ne facina sai dai abin ya fashe, shi baya sakewa. In ka isa ka sauko daga jirgi kazo ka ɓamɓare, ruwan wankanka yana nan da zafi.

Yayanka,
Sarkin Faci